Wasiƙa Daga Ingila: Waye Ke Samun Gurbi a Kulob ɗin Makaranta?

Assalamu alaikum 'yan uwana iyaye da malamai,

Ina gaishe ku daga Ingila, da fatan kuna lafiya, ku da yara. Magana ce nake tafe da ita a kan kulob-kulob na firamare, irin na ƙwallo, zane, muhawara da kwamfuta. Yara sun fi gurabe yawa, dole a zaɓa, kuma wajen zaɓen ne ake danne wasu ba tare da kowa ya lura ba.

A nan makarantu da yawa a manhajar waya suke buɗe rajista, wanda ya riga shi ke da rabo. Ka ji kamar adalci ne. To amma uwar da ke aiki a gidan kula da tsofaffi fa, wadda wayarta ke kulle a loka har ta tashi? Kafin ta duba, gurabe sun ƙare. 'Yarta ta ɗauki jaka ta wuce ta gaban aji, tana hango ƙawayenta ana raba musu fenti. Zango mai zuwa ma sunayen nan dai za a gani. Iyaye ne suka yi tsere, yara suka ɗauki sakamakon, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

A wurinku na san galibi malami ne ke nuna yatsa: wannan ta iya magana, wancan yana da ƙoƙari. Mai kunya da mai in'ina su zauna. Alhali mai in'inar ya fi kowa buƙatar kulob ɗin muhawara.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Daidaito ta 2010 ta wajabta wa makarantun nan su yi gyaran da ya dace domin yaro mai buƙata ta musamman ya shiga abin da 'yan uwansa ke yi, har da kulob. Tun 2011 kuma gwamnati ke ba makarantu ƙarin kuɗi kan yaran gidaje masu ƙaramin ƙarfi, wasu na biya musu kuɗin kulob daga ciki. Sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya ce wasa da ayyukan fasaha haƙƙin kowane yaro ne.

Shawarata, a ba da mako guda kowa ya rubuta suna, a takarda ko a waya, yaron kuma ya faɗi zaɓinsa da bakinsa. Idan an yi yawa a jefa ƙuri'a a gaban iyaye, wanda bai samu ba a fara da shi zango na gaba. A ware 'yan gurabe ga waɗanda malamai suka san ba mai nema musu.

In kun je taron iyaye da malamai na gaba, don Allah ku nemi a kawo jerin sunayen yaran da ba su taɓa shiga kowane kulob ba tun shigarsu makaranta.

Wassalam,
'Yar uwarku a Ingila