Katuna uku a jaka, babu mai lambar waya ko ɗaya

Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Jakar hannuna ta ɓace tsakanin Jega da Birnin Kebbi, a cikinta akwai katin zaɓe, takardar NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa), katin cirar kuɗi da ƙaramar wayata. Katunan duk suna ɗauke da sunana, biyu ma har da hotona. Amma bawan Allahn da ya tsince ta, wanda tun ranar yake neman mai ita, ya rasa ta inda zai same ni, domin babu kati ɗaya a cikinsu da ke da lambar waya. Ku ciro naku ku duba. Adireshin da ke jikin katin zaɓena sunan shiyya ne kawai, shiyyar da nake zaune lokacin rajistar 2011, na tashi daga can tuntuni. Sunana kuwa irin wanda in aka kira a masallaci mutum biyar za su waiwayo ne. Wayar a kulle take, kafin dare ma cajinta ya ƙare.

Tasha na fara zuwa. 'Yan kamasho suka haɗa ni da shugaban yuniyon, aka kira direban, lokacin har ya kama hanyar Kamba. Ya ɗaga kujeru, ya zazzage but, babu. Sai cigiya a rediyo da Facebook da WhatsApp. Abin da cigiyar ta jawo mini kawai shi ne wani da ya kira ya ce jakar tana hannunsa a Sakkwato, in turo kuɗin mota. Na tambaye shi launin igiyar da ke ɗaure a zif ɗin, sai ya kashe waya.

Daga nan aka shiga zirga-zirga: rahoton 'yan sanda, takardar rantsuwa a kotu, banki don a rufe kati, sannan dawo da layi. Tun ƙarshen 2020 aka ɗaure layin waya da NIN, ga shi takardar da ke ɗauke da lambobin nan 11 tana cikin jakar da ta ɓata. Katin zaɓe kuwa sai ka jira lokacin da hukumar zaɓe ta buɗe rajista. Kowace ƙofa da kuɗinta da layinta, aikina na shago ya tsaya cak. Duk wannan wahala, ashe jakar tana rataye a ƙusa a rumfar wani dattijo mai shayi a Kalgo, inda muka tsaya sallar La'asar.

Abin da ya dawo da ita wata yamutsattsiyar takarda ce da ban ma san tana ciki ba: rasidin kuɗin Islamiyyar 'yata, mai hatimi da lambar shugaban makarantar. Sai da dattijon ya gaji da sanarwa a masallacin unguwarsu, sannan jikansa ya laluba ƙaramin aljihun ciki ya ga rasidin. Suka kira malam, malam ya ga sunan yarinya ya gane ubanta.

Da na je ban samu jakar nan take ba. Ya zuba mini shayi, ya dubi hoton katin ya dube ni, ya ce, "Malam, hoto hoto na. Gaya min mi ad da mi ke ciki." Na lissafa. Ya ce saura abin da aka ɗaure ta da shi. Na ce koriyar igiya, Baba. Sai ya sauko da ita. Ka'idar da ta zo a hadisin tsintuwa ya bi, ka san mazubinta da maɗaurinta, ka yi cigiyarta shekara guda. Ko naira ba ta yi ciwon kai ba. Tukuici ma da ƙyar na samu jikan ya karɓa. Faɗa ɗaya ya yi mini: jaka cike da takardun gwamnati, an rasa wurin rubuta lamba.

Yanzu komai nawa da lamba, kuma lamba biyu: tawa da ta ƙanina. Lambar wayar da ke cikin jakar ba ta da amfani, tunda tare za su ɓata, kuma da ka rufe layin an gama. Takardar biro tana jiƙewa da damina ta goge, don haka na sa aka like ta da leda, ɗaya a waje, ɗaya a aljihun farko da mai tsintuwa zai buɗe. A fuskar waya na sa lambar ƙanin nawa ta riƙa fitowa ko a kulle take, na kuma danna *#06# na kwafe lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, na ajiye a gida. Makullai lamba kaɗai, ba adireshi, kada ka ba ɓarawo makulli da kwatancen gida. Katin banki kuwa kada a kuskura a rubuta lambar sirri kusa da shi. Jakunkunan makarantar yara da kwanukan abincinsu fenti na sa, rubutun alƙalamin maka ba ya jure wanki.

In za ka yi cigiya, faɗi inda abin ya ɓata da kamanninsa, amma ka riƙe alama ɗaya a bakinka, ita za ta raba ka da masu neman kuɗin mota. Sannan kafin ka nufi kotu, koma duk inda motar ta tsaya ka tambayi mai shayi, mai faci da ladan.