Ya ce ya dawo

Jiya na miƙa makullin durowata bayan shekara 9 a sashen sanarwa na gidan rediyo. Ina kwashe tarkace sai ga takardar tuhumar da aka taɓa ba ni a kan wata sanarwa, ta yi ja don ƙura, sa hannun oga na nan raɗau a ƙasa. Na zauna na sake karanta ta.

Wani dattijo ne ya zo daga Rigasa da cigiyar ɗansa ɗan shekara 14, wanda ya bar gida bayan an yi masa faɗa a kan canjin cefane. Kwana uku ba duriyarsa. Ya zauna a bencin nan na bakin ƙofa, hula a gwiwa, yana ta murza rasit ɗin da aka ba shi har ya yi laushi. Na ce, "Baba, me kake so a faɗa?" Ya ce, "Yaro, ku ce masa ya dawo, wallahi ba mai taɓa shi." Na rubuta kamannin yaron da kayan jikinsa, na rufe da cewa: Mahaifinsa ya ce ya dawo gida, an yafe masa.

A kunnena maganar ta fita fes, don da muryar dattijon nake jin ta. Ranar mai karatun yamma bai zo ba, oga ya shiga da kansa, ya fizge takardun daga hannuna saura minti biyu. Da ya iso wurin sai ya ja "ya" ta biyu, ya ɗaga ta sama: yaa dawo. Wato yaro ya riga ya koma. Har da ƙarin "to, Alhamdulillahi" daga aljihunsa.

Kafin isha'i gidan ya cika da 'yan barka da arziki, wasu tun daga Tudun Wada. Samarin unguwa da suka raba kansu tasha-tasha suna neman yaron kowa ya kama gabansa. Washegari dattijon ya dawo, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Haka na gaya maka?"

Wanda ya yi Hausa a makaranta ya san inda gizo ke saƙar. Masu daidaita boko a Zariya a shekarun 1930 sun ba mu ƙugiya, muka raba kafa da ƙafa, baki da baƙi, amma tsawon wasali da karin sauti suka bar wa mai karatu. Haka aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, haka muke rubutu har yau. A jarida kana da damar komawa baya ka gane nufi. A gaban makirfo numfashi ɗaya gare ka. Abin haushin ma, da da ajamin makarantar allo na rubuta, alif guda ya isa ya raba gardamar.

Na ce wa oga, "Yallaɓai, cigiya ce fa, wa zai biya kuɗi ya yi cigiyar wanda ya dawo?" Ya tura min takardar ya ce in nuna masa inda aka rubuta kada a ja. Na nemi a saurari kaset ɗin ranar, aka ce an yi ɗauka a kansa. Tasa ta bi iska, tawa na kwance a fayil. Ni aka yanke wa albashin mako guda, ni kuma aka tura Rigasa ba da haƙuri.

Ban ce ba ni da laifi ba. Da na sa "yana roƙonsa da ya koma gida" da babu ta inda za a murɗe ta. Tun daga ranar ba na sakin takarda sai na ba wanda bai san zancen ba ya karanta min da ƙarfi, ko da masinja ne. Sababbin da na koyar sun sani, kuma a shekara 7 da suka biyo baya ba a sake dawo min da sanarwa ba.

Sauran darussan ƙanana ne. Kuɗi da lambar waya a rubuta su yadda za a furta. Sunan mamaci a tambayi mai shi sau biyu. Umarnin da aka ba ka da baki, ka nemi a sa maka a takarda.

Yaron, sai bayan kwana 11 wani kwandasta ya gane shi a tashar Kawo yana dako. Oga kuwa yana nan, an ma ƙara masa girma. Takardar na ninke ta na sa a jaka, na taho da ita gida.