Sarauniyar wa muke karantawa?

Talata, Yamai.

Zafin yau ba a magana. Da sassafe na tsallaka gadar Kennedy zuwa jami'a a Harobanda saboda darasin ra'in adabi.

Malam ya shigo da littafin Abdoulaye Mamani a kan Sarauniya Mangu, wanda ya fito a 1980. Ya ce kada kowa ya ba shi labarin, don ko ɗan firamare ya san cewa a 1899 ta yi fito-na-fito da sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine a Lugu, cikin yankin Dogon Dutsi. Abin da yake son ji shi ne: wa ya rubuta, kuma me yake nema?

Nan aji ya kaure. Mamani ɗan Sawaba ne, jam'iyyar Djibo Bakary da aka haramta a 1959. Ya yi gudun hijira a Aljeriya, da ya dawo kuma ya ɗanɗana kurkuku zamanin mulkin soja na Seyni Kunce. Mai irin wannan tarihi dole ya nemi jarumar da ta ƙi durƙusa wa mai bindiga, ko Bature ne ko ɗan gida. Wani abokinmu da ba ya iya gaisuwa sai ya sako Markisanci ya ja zancen zuwa talaka da sarauta. Mata biyu suka ce a'a, maganar mace ce a tsakiyar sarakuna maza.

Amma wadda ta fi burge ni ƴar Dogon Dutsi ce, da ba ta cika magana ba. Ta ce: "Malam, a wajenmu Sarauniya ba mutum ɗaya ba ce, sarauta ce ta Azna, kuma har yanzu akwai mai riƙe da ita a Lugu. Tsofaffinmu sun fi zancen tsafinta da asirinta a kan kishin ƙasa." Malam ya ajiye alli ya ce ta maimaita a hankali, mu rubuta.

Ni a ganina maganarta ta fi duk sunayen Turawan da muka haddace nauyi. Mamani bai yi ƙarya ba, ya dai ɗauki abin da zamaninsa ke buƙata ya bar saura. Ga kuma batun harshe: da Faransanci muka karanta labarin Sarauniya, da shi muka yi gardamar, alhali tun 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Da la'asar na bi layin mai fotokofi, na ci dambu da zogale a tsaye. Malam na son shafi uku kafin Alhamis, kuma ya ce wa ƴar Dogon Dutsi idan ta je hutu ta ɗauko muryar tsofaffin da wayarta.