Numfashin da ke kwantar da hankali: a wajen fitar da iska aikin yake

Idan aka ce wa mutum ya ja dogon numfashi, yawanci sai ya ɗaga kafaɗu, ya cika ƙirji taf, ya furzar da iskar gaba ɗaya. Kafin ya yi sau goma jiri ya fara ɗibarsa, sai ya ce abin ba ya aiki. Ai kuwa ba haka ake yi ba.

Babban mutum da ke zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Da fargaba ta taso, numfashin ya gajarce, ya koma saman ƙirji, zuciya na dukan uku-uku. Abin da ake nema shi ne a rage gudunsa zuwa wajen sau 6 a minti, ba a ƙara yawan iskar ba. Duk sanda ka shaƙa, bugun zuciya kan ɗan ƙaru, idan kana fitarwa kuma ya ragu. Wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta gangaro zuwa zuciya da huhu da ciki, wadda likitoci ke kira bagus, ita ke sassauta bugun a lokacin fitarwa. Shi ya sa fitarwar ake ja wa tsawo.

Kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙware, ko ka zauna a kujera tafin ƙafa a ƙasa. Sassauta duk abin da ya ɗaure maka ƙugu. Ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a kan cibiya. Shaƙa ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu a zuci. Hannun cibiya ne zai taso, na ƙirji kuwa da ƙyar zai motsa, alamar faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki ce ke jan iskar. Sai ka tsuke leɓe ka fitar ta baki kana ƙirga shida, kamar mai hura kyandir yana so harshen wutar ya karkata amma kada ya mutu. Daƙiƙa goma ke nan kowane zagaye. Minti biyar, safe da dare, ya isa.

In jiri ya zo, ko yatsu da gefen baki suka fara minjirya, ka zarce ne. Numfashi mai yawa yana rage iskar kabon da ke cikin jini, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke. Dakata, koma numfashinka na yau da kullum, in ka dawo ka rage girman shaƙar. Wasu kuma turo ciki suke yi da ƙarfin tsiya don hannu ya taso. Wannan gajiya kawai yake kawowa. Bar iskar ta ɗaga shi da kanta.

Salon 4-7-8 da likitan Amurka Andrew Weil ya yaɗa, wato shaƙa huɗu, riƙe bakwai, fitar takwas, yana yi wa wasu amfani wajen barci. Amma ga mai fargaba, riƙe numfashi kan ƙara masa firgita, don haka ba shi ne na farawa ba. Ajiyar zuciya ta fi sauƙi: shaƙa ta hanci, ƙara wata 'yar shaƙa a kai, sannan doguwar fitarwa ta baki. Wani binciken Jami'ar Stanford na 2023 ya samu cewa yin haka minti biyar kullum na wata guda ya kyautata yanayin ran waɗanda suka yi.

A koyi irin wannan numfashi lokacin da hankali ke kwance, don ranar da rai ya ɓaci ba ranar koyo ba ce. Mai asma kada ya ajiye maganinsa na shaƙa saboda wannan. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi da ta zo farat ɗaya kuwa, asibiti za a nufa nan take.