Tsutsar da ke cin guba ta kuma yi ƙiba

Muna yara in an kawo angurya za'a bawa shanu mukan fasa ƙwayar da haƙori mu ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe a ciki, Baba ya ce kar wanda ya kuskura ya haɗiye, kuma a kora kaji daga wajen. Ni a lokacin na ɗauka rowa ce kawai. Ashe ɗigon nan da ke jikin ganye da kara da irin auduga ƙananan jakunkuna ne cike da guba, sunanta gosifol, ita ce makamin da auduga ke kare kanta dashi. Saniya tana tsira don tumbinta na ɗaure gubar kafin ta shiga jini, kaza kuwa ba ta da wannan gatan.

To ga abin da ya dameni shekara da shekaru, in har gubar tana aiki, ya akayi tsutsar nan mai huda ƙwallon auduga take ci ta ƙoshi? Masana suna kiranta Helicoverpa armigera, kuma wallahi kun santa, ita ce dai kake fasa tumatir ka tarar ta naɗe a ciki, tana cin masara tana cin wake, ba ta da zaɓe.

Dabara ta farko mai sauƙi ce. An lura jariran irin waɗannan tsutsotsi suna kewaye ɗigon, su ci gefe su bar wajen ɗaci, kamar yaro da barkono a miya. In sun girma kuma sai ciki ya karɓi aikin.

A 2007 wasu masu bincike a Shangai ta ƙasar Sin suka gano da zarar tsutsar ta ɗanɗani gosifol akwai wani ƙwayar gado, wato ɗan umarnin halitta da ake gada daga iyaye, mai suna CYP6AE14 da ke farkawa a hanjinta ya taimaka mata ta jure gubar, da suka yi dabara suka rage masa ƙarfi ta hanyar ganyen da take ci sai tsutsar ta tsumbure ta kasa girma. Daga baya a 2016 mutanen cibiyar Max Planck da ke Yena a Jamus suka duba kashin tsutsar, eh kashi, akwai masu cin albashi da wannan, suka tarar tana liƙa wa gubar sukari ne, sai ta zama mai saurin narkewa a ruwa ta fice da bahaya. Kai har an ga in gubar 'yar kaɗan ce tsutsar ma ƙara nauyi take.

Amma wajen da ya fi tsaya min a rai shine maganar feshi. Injin cikin hanji da tsutsa ta kunna don narka gubar auduga bai san bambanci ba, yana taɓa maganin ƙwari ma, an gwada an ga tsutsar da ta ci gosifol ta fi jure maganin deltametirin. Wato ita audugar da kanta ke horar da maƙiyinta kafin kai manomi ka iso da famfon feshi a baya. Shi yasa in naji mutum a Funtua ko Gusau yana rantsuwa jabun magani aka sayar masa nakan ce ƙila, jabu kam akwai shi a kasuwa, amma ba kullum laifin ɗan kasuwa bane, wani lokacin ka bari tsutsar ta girma ne, kuma in ta shige cikin ƙwallo ai feshinka a banza.

Kar kuma wani ya ce ashe gubar ba ta da amfani. A Amurka an taɓa fitar da auduga marar ɗigon gaba ɗaya don mutane da kaji su samu cin irin, ƙwari suka yi mata rubdugu, manoma suka gudu. Sai da masu bincike a jami'ar Texas A&M suka samo wadda aka rage gubar a iri kaɗai aka barta a ganye da kara, hukumar noma ta can ta amince da ita a 2018.