Na ajiye aikin ƙungiyar fim ɗin Japan, ga abin da na fito da shi

Ƴan uwa da muke tare a Dusseldorf ta ƙasar Jamus da kewaye kun san ƙungiyar da nake nufi, ba sai na kama suna ba, wadda take nuna fim ɗin Japan duk ƙarshen wata a ɗakin taron unguwa, a gama kallo a ci abinci a sha abin sha. To na ajiye. Karatu ya ƙare zan koma wani gari, amma gaskiya ko da ban gama ba da wuya na ƙara shekara a wurin, kuma tunda wasunku suna tambayata ko su shiga su ma, gara na faɗi yadda ta kaya.

Garin nan dama cike yake da Japanawa, dubbai, da kamfanoninsu da makarantarsu, ga shagunansu a layin Immermannstrasse, ga bikin Japan-Tag da ake yi tun 2002 a bakin kogin Rhine da wasan wuta da daddare, mutane dubu ɗaruruwa. Tamu ƙungiyar ƙarama ce, ba ta kai ko kusa ba. Masu girki yawanci matan Japanawa ne masu aikin sa kai, shugabar kuma Bajamushiya ce da ta taɓa zama a Japan shekaru, zan kira ta Madam. Ni da jera kujeru da yanka tikiti na fara, daga baya aka tura ni kicin saboda ba mai son wanke tukwane.

A kicin ɗin ne ido na ya buɗe. Akwai wata dattijuwa ƴar Japan, Mama nake ce mata, ita ta zaunar da ni tana nuna min kwalba ɗaya bayan ɗaya. Wannan mirin ne, giyar shinkafa mai zaƙi, na asalin yana da barasa wajen kashi 14 cikin 100, kuma kusan ba abin da ba a zuba shi, teriyaki, miyar tsoma taliya, ƙwan da ake naɗewa, har shinkafar sushi wasu suna ɗan ɗiga mata. Ga sake, wato giyar Japanawa, shi ma akwai na girki daban. Shoyu da miso kuma da waken suya ake yi, a bar shi ya ruɓa kamar yadda muke yi wa daddawa, shi shoyu ɗin a wajen ruɓar yana fitar da ƴar barasa kaɗan, malamai sun yi saɓani a kansa kowa da wanda yake bi, ni ba fatawa na zo bayarwa ba. Romon dashi lafiya lau, ciyawar teku ce da busasshen kifi. Amma gyoza, ƴan ƙullin fulawa, naman alade ne a ciki, romon ramen, wato taliyarsu ta cikin romo, irin wanda ake ce wa tonkotsu, na yankin Fukuoka, ƙashin alade ne ake dafawa awanni har ya yi fari kamar madara, wanda bai sani ba sai ya rantse romon kaza ne.

Sai na kai wa Madam shawara, ƙarama wallahi. Na ce dama muna rubuta abubuwan da ke tayar wa mutane da ciwo, su alkama, waken suya, riɗi, kifi, jatan lande, cikin guda 14 ɗin nan da dokar Turai ta lissafa, to mu ƙara layi biyu a katin: akwai alade, akwai barasa. Shi ke nan. Ban ce a daina sayar da sake ba, ban ce a canza girki ba. Ta kalle ni ta ce al'adar Japan muke nunawa, ba za mu gyara ta saboda kowa ba, wanda bai iya ci ba ya kalli fim ya tafi gida. A baki muka yi maganar a tsaye bakin ƙofa, ba shaida, ku riƙe wannan.

Ranar da abin ya fashe mun sa Tampopo ne, fim ɗin Itami Juzo na 1985, labarin bazawara mai shagon ramen da direban babbar mota yake taya ta neman romo mai kyau. Ba wanda zai kalli fim ɗin nan bai ji yunwa ba, shi ya sa aka haɗa shi da ramen, tonkotsu kuma. Fostar ni na manna a jami'a da shagunan unguwa bisa umarninta, ta ce tana son sabbin fuskoki, aka kuwa samu, Turkawa, ƴan Siriya, ƴan Maroko, har da namu mutum biyu uku. Na tsaya wajen tebur duk wanda na ga alama sai na raɗa masa cewa romon nan na alade ne, ga onigiri can, dunƙulen shinkafa mai kifi. Madam ta hango, ta zo ta ce ina korar mata mutane, na je na zauna wajen majigi a tattara wayoyi. Na tafi. Kafin na dawo wani magidanci ɗan Siriya da matarsa da yara sun shanye kwanukansu tas, sai ƙaramar ta tambayi Mama naman mene ne wannan mai daɗi, Mama kuwa ba ta iya ƙarya ba.

Mutumin bai yi hayaniya ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya zo ya same ni, don ni ya gani da kamannin Musulmi, ya ce ɗan uwa kana nan ka bari? Na ce Baba ka yi haƙuri, ban ma san me zan ƙara ba. Ya kama hannun yaransa suka fita.

A taron kwamiti na gaba Madam ta ce abin takaici ne, kuma ya faru ne saboda na gayyato mutanena ban sanar da ita bukatunsu ba. Mutanena. Na ce ai na kawo shawarar kati, ta ce ba ta tuna ba, in da na rubuto da ta gani. Kowa ya sunkuyar da kai, ma'aji yana ta juya biro. Mama ba ta zuwa taron kwamiti, Jamusancinta bai kai ba, ita kaɗai ce ta san na yi maganar tun da wuri.

Abin da har yau yake ci min rai shi ne masu al'adar ba su taɓa jin an taɓa musu al'ada ba. Da na ba Mama labari cewa ta yi ai a Japan ma an wuce nan. Kuma haka ne, tun da suka cire wa ƴan Maleshiya biza a 2013 Musulmi masu yawon buɗe ido suka ƙaru, akwai shagunan ramen na halal a Tokyo, akwai shoyu mai shaidar halal, akwai ɗakin sallah a filin jirgin Narita da na Kansai. UNESCO ta sa girkin gargajiyar Japan a jerinta na al'adun gado na duniya a 2013, ta sa sana'ar haɗa sake a 2024, ban ji an cire ko ɗaya don wani ya rubuta abin da ke cikin tukunya ba. A watan da ya biyo baya Mama da kanta ta dafa tukunya ta biyu da ƙashin kaza daga shagon Baturke, ta sa sukari a madadin mirin, ta kawo shayin sha'ir mai sanyi da suke ce wa mugicha ga marasa shan giya, ni na buga katunan da kuɗina na ajiye ba tare da na tambayi kowa ba. Tukunyar kazar ta riga ta aladen ƙarewa, har Jamusawa suna layi.

Ba a jima ba ƙungiya ta nemi tallafin kuɗi na shirye-shiryen haɗa kan baƙi da ƴan gari. Na ga takardar da idona, wai sabon tsarin da shugaba ta ɓullo da shi don buɗe ƙofa ga kowa, ga hoton katunana an liƙa. Aka samu kuɗin, aka ɗauki Madam hoto tana riƙe da ludayi, ita da ban taɓa ganin ta kunna murhu ba. Sunana babu, na Mama ma babu, nata ne ya fi min ciwo.

Don haka wanda zai shiga, duk shawarar da za ka kawo ka rubuta ta a imel ka sa mutum biyu a kwafi, ko da kun riga kun yi maganar a baki, nan ƙasar abin da ba a rubuce ba bai faru ba. Kar ka yarda a maida ka wakilin duk Musulmin gari in ba a ba ka ikon yanke komai ba, laifin kawai za ka kwasa. Abokanka na gaskiya suna kicin, ba a kwamiti ba. Ka gwada fassarar da ke ƙasan fim kafin mutane su zauna. Ka tabbata an biya lasisin nuna fim, ba kaset ɗin gidan wani za a ɗauko ba. Shinkafar onigiri da ɗuminta ake dunƙulawa, hannu a jiƙe da ɗan gishiri. Kar ka tsaya kusa da teburin sake bayan ƙarfe tara, surutu ne kawai.

Ban ce kar ku je ba. Finafinan suna da kyau, katunan suna nan har yanzu, tukunyar kaza ta zama dole duk wata, kuma na ji iyalai Musulmi sun ƙaru, shi dai Baban nan bai sake dawowa ba. Da zan tafi na nemi takardar shaidar aikin sa kai don na haɗa da takardun neman aiki, Madam ta rubuto min layi uku, ta ce ina zuwa a kan lokaci kuma na taimaka wajen jera kujeru.