Daga Akra: Ina ruwan mutumin Gusau da teku?

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina gaishe ku daga Akra, da fatan an ga damina lafiya. Maganar teku nake tafe da ita, ko da yake na san wani zai ce ina ruwan mutumin Gusau da teku. To, akwai ruwansa. Iskar damina da ke busowa daga kudu maso yamma, a kan Tekun Atlantika take ɗebo laimar da ke zame wa geronmu ruwan sama.

Mu kuma da me muke saka masa? Ranar da babu aiki nakan gangara Jamestown, inda masunta 'yan ƙabilar Ga ke jan taru. Idan suka zazzage shi a kan yashi, sai mata sun tsuguna suna tsince kifi daga cikin ledojin fiya wata da robobin lemo da tsummokaran gwanjo da suka nannaɗe kamar igiya. Yawanci kogin Odaw ne ke kwaso su daga unguwanni, har da Nima inda muke zaune, ya zuba a tafkin Korle, shi kuma ya amayar a teku. Mutanen nan tun kakanninsu ba sa fita su ranar Talata, tekun ma yana samun hutu. Shara ce ba ta san Talata ba.

Kada ku ce matsalar Gana ce. Kogin Kaduna da Gulbin Sakkwato duk a kogin Neja suke ƙarewa, Neja ta ratsa Yamai da Yawuri, ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, ta faɗa wannan tekun. (Kanawa kada ku yi murna, naku ruwan Haɗeja yake bi ya nufi Tafkin Chadi.) Ledar da ba ta kai can ba kuwa, kwalbati take toshewa. A nan Akra ba a manta da 3 ga Yunin 2015 ba, daren da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai, mutum fiye da 150 suka rasu.

Ruwanda ta haramta leda tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kuma ba a daina cin kasuwa ba. Kafin hukuma ta motsa a wajenmu, roƙona ga masu unguwanni da limamai shi ne a dawo da gayyar yashe kwalbati kafin saukar ruwa, a kuma kwashe abin da aka yaso, don barinsa a bakin kwata aikin baban giwa ne. Mai cefane ya riƙa fita da jakarsa, mai shayi ya daina ƙulla ruwan zafi a leda.

A gaida mutanen gida.

Ɗan uwanku a Nima